Gwanayen Juya Maganaɗisu da Matsin Lantarki

Tun shekarar 1820, da Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmark ya ga allurar kamfas ta karkata saboda wutar da ya saka wa wata waya kusa da ita, hanya ɗaya aka fi sani ta sarrafa maganaɗisu: a kwarara wutar lantarki. Fanka da injin niƙa da lasifika duk a kan wannan suke aiki. Sai dai hanyar tana da haraji, domin duk wutar da ta bi waya sai ta haifar da zafi. A babban inji ana iya jure wa hakan. A cikin kwamfuta kuwa, inda ake adana bayanai a biliyoyin ƙananan gurabe, zafin nan shi ne ke shanye batir.

Shi ya sa wasu masana suka ɗauki wata tambaya: ashe ba za a iya juya maganaɗisu da matsin lantarki kawai ba, ba tare da wutar ta gudana ba? Bambancin kamar na famfo ne. Ruwan da ke tanki yana matsa bakin famfo ko da a rufe yake, amma ba ka asarar ko ɗigo sai ka buɗe.

Asalin maganaɗisu yana ga ilektiron, ƙwayar nan da ke ɗauke da lantarki. Kowace ilektiron tana da wata sifa da ake kira juyi, wadda ta mai da ita ɗan mitsitsin maganaɗisu mai fuskantar sama ko ƙasa. A cikin ƙarfe, waɗannan juye-juye kan haɗa kai su fuskanci wuri guda. Idan ka iya sa su fuskanci sama ko ƙasa yadda kake so, ka samu wurin rubuta 1 da 0, kuma rubutun ba ya gogewa ko an ɗauke wuta.

Pierre Curie ya hango yiwuwar sarrafa maganaɗisu da matsin lantarki a 1894. A 1959 Igor Dzyaloshinskii na Tarayyar Sobiyet ya nuna da lissafi cewa wani sinadarin kuromiyam da oksijin zai amsa matsin lantarki da maganaɗisu, a 1960 kuma wani masani mai suna Astrov ya gwada ya ga haka ne. Amma amsar ba ta taka kara ta karya ba, don haka maganar ta kwanta shekaru da dama.

Wanda ya tayar da ita shi ne Hideo Ohno na Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan. A shekarar 2000, shi da abokan aikinsa sun shimfiɗa wani siririn sinadari irin wanda ake yin tiransista da shi, suka barbaɗa masa manganis. Ƙwayoyin manganis ɗin ba sa haɗa kai sai ta hanyar masu ɗaukar lantarkin da ke yawo a tsakaninsu. Da aka ɗora matsi ta wata fuska, masu yawon suka ƙaru, maganaɗisu ya ƙarfafa. Da aka juya matsin, suka ragu, maganaɗisu ya dusashe. Matsalar ita ce abin bai yiwu ba sai cikin sanyin da ya kai kimanin digiri 250 ƙasa da sifili. Ba wanda zai sa irin wannan a aljihu.

Inda gwanintar take, a ganina, shi ne abin da ya biyo baya. Ƙarfe yana riƙe maganaɗisunsa a zafin ɗaki, amma yana da taurin kai: cike yake da ilektiron masu yawo, kuma da matsin lantarki ya taɓa shi sai su taru a fatarsa su tare hanya. Matsin ba ya wuce kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Wani zai ce to magana ta ƙare. Su kuwa suka ce tunda fata kaɗai matsin ke taɓawa, bari a yi ƙarfen da kusan dukkansa fata ne. A 2007 masana a Grenoble ta Faransa suka nuna alamar haka da haɗin ƙarfe da filatinam. A 2009 ƙungiyar Yoshishige Suzuki a Jami'ar Osaka ta shimfiɗa ƙarfe mai kaurin 'yan ƙwayoyin zarra kawai, ta lulluɓe shi da sinadarin maganiziyam da oksijin wanda ba ya barin wuta ta wuce, sannan ta ɗora matsi. Ƙarfin da ke ɗaure maganaɗisun ga fuskar da ya fi so ya canja da kusan kashi 40 cikin 100.

Mai karatu ya dubi aikin hannun da ke cikin wannan. A cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska ake yin shimfiɗar, ana tururo ƙwayoyin suna sauka layi bayan layi. Layi ɗaya ya yi yawa, tasirin ya raunana. Oksijin ya ɗan kutsa inda bai kamata ba, an ɓata samfurin, sai a koma farko.

Sassauta ɗaurin ma ba shi ne juyawa ba. A 2012 mutanen Osaka suka nuna dabarar da ta fi burge ni. Idan aka saki ɗaurin farat ɗaya, maganaɗisun yakan fara kewayawa da kansa. Sai a yanke matsin daidai lokacin da ya yi rabin zagaye, ɗaurin ya dawo ya kama shi yana fuskantar ɗaya gefen. Duk wannan cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Ka yi gaggawa, bai kai ba. Ka yi jinkiri, ya zagayo inda ya taso. Ƙuncin wannan lokaci shi ne kuma raunin dabarar, domin ma'ajiyar bayanan da ke kuskuren rubutu jefi-jefi ba ta da kasuwa.

Akwai masu bin wata hanyar. Ramamoorthy Ramesh na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya daɗe yana aiki da wani haɗin bismat da ƙarfe da oksijin, wanda lantarki da maganaɗisu ke ɗaure da juna a cikinsa tun asali. A 2014 ƙungiyarsa ta kifar da maganaɗisu gaba ɗaya da matsin lantarki a zafin ɗaki, a 2018 kuma shi da masanan kamfanin Intel suka fitar da tsarin wata na'urar lissafi da za a gina a kan haka.

Kada a ɗauka abin ya iso shago. Ma'ajiyar maganaɗisu da ake sayarwa yau, irin wadda Samsung ya fara ƙerawa da yawa a 2019, har yanzu da gudun wuta ake rubutu a cikinta. Ta matsin lantarki tana ɗakunan gwaji, inda aka nuna tana iya yin rubutun da ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na wutar da waccan ke ci.