Jinjina ga Ɗaliban Harhaɗa Magunguna

Duk wanda ya leƙa tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya san karatun nan ba na rago ba ne. Da safe lacca, da rana ɗakin gwaji: ɗaliba sanye da farar riga tana ɗiga ruwan sinadari ɗigo-ɗigo, idonta kyam a kan kwalba har launi ya juya. Gobe kuma ganyen sabara da darbejiya za a jiƙa, a tace, a binciki abin da ke cikinsu.

Ga haddar sunayen magunguna masu karya harshe, ga lissafin awon maganin jariri gwargwadon nauyinsa, inda kuskure kaɗan kan jawo asarar rai. Bayan digiri ma, sai sun yi shekara guda ta sanin makamar aiki.

Sannunku da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a.