Tsohuwar Zuma: Komowar Masoyin Ƙuruciya a Littattafan Soyayya

A cikin littattafan soyayya da Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa suna Adabin Kasuwar Kano akwai wani zubin labari da marubuta ba su gajiya da shi. Yaro da yarinya sun tashi unguwa ɗaya suna son juna, sai wani abu ya raba su, a yi mata aure da wani. Bayan shekaru auren ya mutu, masoyin fari ya komo. Masu suka sun daɗe suna cewa daga fina-finan Indiya aka kwaso wannan. Mu dai a ganinmu, kome aka aro daga can, saiwar labarin a gida take.

Tun a Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta aka buga a Zariya cikin shekarun 1930, an raba Abubakar da Zainab saboda dukiyar Malam Shehu. Amma a can babu komowa, sai ramuwa: Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za a haifa. Da mata suka kama alƙalami, musamman daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, sai labarin ya juya ya fuskanci wadda aka aurar. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), an cire Abu daga makaranta, saurayinta ya ƙi ta don ba ta da ilimi, aka ba Sarkin Noma ita tana ƙarama. Ta gudu, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Abin lura shi ne, ba zaman jiran wanda ya ƙi ta ta yi ba.

To, me ya sa sai bayan mutuwar aure ne masoya ke haɗuwa? Amsa tana cikin fiƙihun da ake karantawa a zaurukan malamai. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma bazawara ba a aurar da ita sai da yardarta, kuma sai ta furta. Watau auren fari na iyaye ne, na biyu nata ne. Marubuciyar da ke son ta ba jarumarta zaɓi ba tare da ta sa ta saɓa wa iyaye ba, ba ta da hanyar da ta fi zawarci. Yarinya ta bi umurni, ta yi haƙuri, ta yi idda ko takaba ta wata 4 da kwana 10, sa'an nan shari'a da kanta ta miƙa mata abin da aka hana ta. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ita ce dalilin da ya sa matan aure da zawarawa suka riƙi littattafan nan, ko da aka ƙona wasunsu a Kano a 2007.

Amma fa a nan ne rauninsu yake. Yawancin marubuta suna sauƙaƙa wa kansu aiki fiye da kima. Mijin fari, in ba mugu ba ne, to, haɗarin mota na jiransa a babi na goma. Masoyin ƙuruciya kuwa yakan komo da dukiya, zuciyarsa ba ta gusa ko taki ɗaya ba, sai ka ce shekarun nan a cikin tulu aka rufe shi. In ya yi aure, lalle uwargidansa za a mayar azzaluma, don kada mai karatu ya ji tausayinta ranar da amarya za ta tare. 'Ya'yan auren fari kuma sukan ɓace daga labarin, alhali kowa ya san zaman agola da rigimar riƙon 'ya'ya su ne abin da bazawara ke fara aunawa kafin ta amsa wa kowa. Marubucin da ya kawar da waɗannan ya zubar da ainihin labarinsa, ya riƙe ɓawo.

Mai karatu a Tambuwal ko Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, zai ga wani giɓin kuma. Labaran suna isa gare shi, da a takarda, yau kuwa ta WhatsApp da Wattpad da masu karantawa a YouTube, amma duniyarsu ta Kano ce da Kaduna da Abuja, bakinsu kuma Kananci. A can karatu a Ingila ke raba masoya. A garin manoma irin na ƙasar Kebbe kuwa, abin da ya fi raba su shi ne cin rani, ko tafiya almajiranci, ko auren zumunci da dattawa suka ƙulla tun yara ba su san kansu ba. Wanda ya komo ba da mota yake komowa ba, wataƙila da ɗan jari da mata da 'ya'ya uku, kuma mijin da ta rabu da shi ɗan'uwanta ne, za su haɗu a wurin kowane suna da kowace ta'aziyya. Ga kuma auren kome, wanda dangi kan matsa a yi saboda yara, ya tsaya kishiya ga tsohuwar soyayya. Wannan ya fi labarin attajiran birni nauyi nesa ba kusa ba.

Malaman kwalejojin horon malamai da ke koyar da zube za su iya gwada abu ɗaya. A ba ɗalibai Jiki Magayi da Wa Zai Auri Jahila? su karanta a jere, sa'an nan a sa kowa ya ɗauki labari guda na komowar masoyi, ya sāke rubuta babin ƙarshe daga bakin uwargidan jarumin, ko daga bakin ɗan da aka zo da shi agola, a cikin Sakkwatanci in shi ne bakinsa.