Masu Auna Numfashin Sojojin Jiki

A Jalingo ba sai an yi wa mutum dogon bayani kan ciwon hanta nau'in B ba. Taraba na cikin jihohin da ya fi addaba, kuma daga wannan gari Danjuma Adda ya faro gwagwarmayar wayar da kai har ya kai ga shugabantar ƙungiyar World Hepatitis Alliance. Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da ƙwayar. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, jiki yana da sojojinsa, to me ya hana su korar baƙon da ya shekara ashirin a hanta?

Masu amsa wannan tambaya sun ƙware a wata sana'a mai ban sha'awa: auna yadda ƙwayar garkuwar jiki ke cin sukari da shaƙar iska.

Sojojin da ake kira ƙwayoyin T suna samun ƙarfi ta hanya biyu. Akwai ta gaggawa, inda suke farfasa sukari ba tare da oksijin ba, kowane guda ya ba da ATP 2, wato sinadarin kuzari. Akwai kuma ta maitokondiriya, wasu 'yan ɗakuna a cikin ƙwayar, inda sukarin nan ke ba da kusan 30. Ta farko wutar kara ce, ta biyu kuwa garwashin gawayi. Lafiyayyar ƙwaya tana kunna kara ranar faɗa, ta koma gawayi idan ƙura ta lafa.

Aikin gwani yana farawa ne daga ɗan jinin da bai cika cokali biyu ba. Zai kwarara shi a hankali kan wani ruwa mai suna Ficoll, hannu ba ya rawa, don kada su gauraya. Bayan kusan rabin awa a injin juyawa, jajayen ƙwayoyi sun nutse, wani siririn farin zobe na ƙwayoyin garkuwar jiki ya tsaya a tsakiya. Shi zai tsotso. Idan ya yi jinkiri ko zafin ɗakin ya sauya, ƙwayoyin za su galabaita, ya zo yana auna gajiyar da shi ya jawo, ba ta cutar ba. Wannan kaɗai ya isa a sara masa.

Daga nan sai na'urar Seahorse, mai lura da raguwar oksijin da ƙaruwar tsami a ruwan da ƙwayoyin ke kwance. Ana ɗiga magunguna bi da bi. Oligomycin ya tsayar da ƙera ATP a maitokondiriya, a ga nawa ne na numfashin ke tafiya ga aiki. FCCP ya tilasta wa maitokondiriya yin iya ƙoƙarinsu, a ga ƙarfin da suka ajiye don ranar wuya. Rotenone ya tsayar da numfashin maitokondiriyar baki ɗaya. A 2012 ayarin Erika Pearce ya nuna cewa ƙwayoyin T masu tuna tsohuwar cuta suna da wannan ajiya mai yawa.

Sai dai ƙwayoyin da suka san ciwon hanta na B ƙalilan ne, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ba za su ishi na'urar ba. Dabarar da aka yi a nan ta fi burge ni: a shafa musu rini mai ƙyalli wanda ke taruwa a maitokondiriya masu lafiya kawai, a koro su ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza. Da irin wannan aiki ɗakin binciken Mala Maini a Landan ya gano a 2016 cewa sojojin suna nan, suna ta zuƙar sukari, amma sun kasa komawa hanya ta biyu. Shekaru suna ganin abokin gaba ba hutu, maitokondiriyarsu sun lalace. Hantar ma ba ta taimaka musu: wasu ƙwayoyi a cikinta suna cinye arginine, abincin da sojojin ke buƙata don su hayayyafa.

A 2017 ayarin Carlo Ferrari a Parma ta Italiya ya ba irin waɗannan gajiyayyun ƙwayoyi maganin da ke share gubar da ta taru a maitokondiriya, sai suka farfaɗo suka koma fitar da sinadaran yaƙi. A kwalbar gwaji aka yi, bai zama maganin asibiti ba.

Abin da ke hannun likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo shi ne gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, da gwajin ALT mai nuna raunin hanta, da tenofovir ga wanda ya cancanta. Idan maganin ya danne ƙwayar tsawon shekaru, sojojin kan dawo da wani ɓangare na ƙarfinsu, ba duka ba. Shi ya sa ake matsa wa iyaye kan allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, domin jarirai 9 cikin 10 da suka kamu a lokacin, cutar takan zauna musu.