Ɗanɗanon Keɓaɓɓun Kalmomin Nazarin Hausa

Kowace sana'a tana da kalmominta waɗanda sai ɗan gida ke jin zaƙinsu. Maƙeri yana da uwar maƙera da zugazugi da awartaki, masaƙi yana da ƙoshiya da allera. Mu ma masu nazarin harshe muna da namu, kuma da yawa daga cikinsu an tattara su a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a auna waɗansu daga cikin kalmomin nan, a ga abin da ya sa wasu suka zauna daram a bakin ɗalibai, wasu kuwa har yau sai da hadda.

Bari mu fara da ginin kalma. An kira tushen kalma saiwa, abin da ake liƙa mata kuwa ɗafi. Idan a gaba aka liƙa shi, kamar ma- a cikin maƙeri, sai a ce ɗafa-goshi. Idan a baya ne, kamar -una a cikin wanduna, sai a ce ɗafa-ƙeya. Wato an mai da kalma tamkar kan mutum, mai goshi da ƙeya. Yaron da ya ji wannan sau ɗaya ba ya bukatar a maimaita masa.

A fannin furuci abin ya fi armashi. Sautin da iska ke tsayawa cik kafin a sake ta, kamar b da d, shi ne tsayau. Wanda iska ke kurɗawa tana zuza, kamar s da z, zuzau. Ɓ da ɗ, da ake furtawa iska na neman komawa ciki, haɗiyau ke nan, ƙ da ts kuwa tunkuɗau. Amma a ganina babu kamar ɗan atishawa, sunan da aka ba c da j. Mai karatu ya gwada furta c a hankali: iska za ta tsaya, sa'an nan ta kuɓuce da zuza, daidai yadda atishawa ke fita. Duk ranar da na kawo kalmar nan a aji sai an yi dariya, kuma ban taɓa ganin wanda ya manta ta a jarrabawa ba.

To, amma ba duka aka dace ba. Dubi bahanƙe da baganɗe da bahanɗe, daga hanƙa da ganɗa da hanɗa. Ginin nasu daidai yake, sai dai amonsu ya yi kama ƙwarai, kuma ɗalibi kan zo jami'a bai san inda kowace take a cikin bakinsa ba. Saboda haka sai ya haddace su kamar baƙin kalmomi, ya riƙa musanya t da k a takarda. Haka kuma harafi an ɗora masa kaya biyu: shi ne alamar rubutu, shi ne kuma ƙananan kalmomi irin su da, ga, ko. Ga kuma aikatau da fi'ili, kowane malami da wanda ya fi so.

Abin da za a lura a nan shi ne, kalmar fannu takan yi daɗi ne idan tana ɗauke da hoton abin da take nufi. Inda hoton ya dushe, aikin malami ne ya farfaɗo da shi. Kafin ya rubuta bahanɗe a allo, ya sa ɗalibai su furta k, su ji inda doron harshe ya taɓa. Jigo ma, da muke ambata kullum a nazarin waƙa, ɗalibai nawa ne suka san shi a bakin rijiyar lambu? Idan muka bar kalmomin nan suka zama na hadda kawai, za mu yaye malaman da ke faɗarsu ba tare da jin Hausar da ke cikinsu ba, su kuma su koyar da su haka nan.