Littafin Wangari Maathai da Kurmin Karura

A arewacin Nairobi, babban birnin ƙasar Kenya, akwai wani kurmi wanda ake kira Karura. Girmansa eka 2,500 ne da 'yan kai, watau mai ƙarfin tafiya zai ratsa shi da hantsi, rana ba ta take ba ya fita ta ɗaya gefen. Tun shekarar 1932 Gwamnatin Turawa ta mai da shi gandun daji. A cikinsa akwai rafuka, da wani wuri inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse, da koguna waɗanda aka ce mayaƙan Mau Mau sun ɓuya a ciki zamanin da suke yaƙi da Turawan mulki. Birni kuwa ya yi ta girma har ya kewaye shi. Ta wani gefe ga unguwannin masu dukiya, su Muthaiga da Runda da Gigiri, inda ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya suke. Ta wani gefe kuma ga wata unguwar talakawa mai suna Huruma, gidajenta na kwano da katako, sun jingina da bakin daji.

Duk wanda ya san tsadar fili a cikin birni ya san irin wannan wuri ba ya zama lafiya sai da dalili. Labarin yadda Karura ya tsira yana cikin wani littafi na Turanci mai suna Unbowed, ma'anarsa wadda ba ta sunkuya ba. Wangari Maathai ce ta rubuta shi a kan rayuwarta, aka buga shi a shekarar 2006, bayan shekara biyu da ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Ita ce mace ta farko daga Afirka da ta sami wannan lamba. Littafi ne da ya cancanci a karanta, ya kuma cancanci a auna shi, don kuwa mutane da yawa sun ɗauke shi tamkar jagora ga masu son kiyaye itatuwan garinsu.

Mafi daɗin littafin yana farkonsa. An haifi Wangari a shekarar 1940 a ƙauyen Ihithe, cikin tuddan Nyeri, kuma ta ba da labarin ƙuruciyarta da ido irin na wadda ta yi noma da hannunta. Akwai wani babban ɓaure kusa da gidansu. Uwarta ta hana ta ɗibar ko da busasshen reshe daga gindinsa, domin Kikuyu, ƙabilarsu, suna girmama wannan itace. Nan kusa kuma akwai rafi inda takan je ɗibar ruwa, ta tsaya tana wasa da ƙwan kwaɗi, tana so ta ɗauke su ta rataya kamar duwatsun wuya, suna sulluɓe mata. Da ta girma, ta yi karatu a Amurka daga shekarar 1960, ta komo, ta sami digirin digirgir a Jami'ar Nairobi a 1971, sai ta tarar an sare irin waɗannan itatuwa an yi gonaki, rafin kuwa ya ƙafe. A nan ta nuna gwaninta. Ba ta ɗora wa mai karatu wa'azi ba. Ta ajiye ɓauren da rafin kusa da juna, sa'an nan ta bayyana a taƙaice yadda saiwar itace ke riƙe ƙasa, tana kuma buɗe wa ruwa hanya. Manomin da bai taɓa shiga aji ba zai gane maganar, zai kuma iya tuna wata rijiya ko fadama ta garinsu da ta bi wannan hanya.

Haka kuma wurin da ta ba da labarin kafa ƙungiyarta ta dashen itatuwa a shekarar 1977, wadda ake kira Green Belt Movement. Sun fara da itace bakwai kacal, ran 5 ga watan Yuni, a wani fili cikin Nairobi. Malaman daji na Gwamnati suka nuna cewa renon itace aiki ne na mai takardar shaida. Matan ƙauye, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba, suka tattara iri daga itatuwan da ke kusa da su, suka shuka a cikin fasassun tukwane, suka ɗaga su inda kaji da awaki ba za su kai ba. Akwai wata ƙa'ida da ƙungiyar ta kafa wadda ya kamata a lura da ita: ba a biyan mace ɗan ladanta don ta dasa itace, sai an zo bayan watanni an ga itacen ya rayu. Wannan ya nuna Wangari ta san inda wahalar take. Dasawa aikin safiya ɗaya ne, ana yi da kiɗa da baƙi da masu ɗaukar hoto. Ban ruwa da rani, da kare dashe daga dabbobi, shi ne aikin da babu mai kallo.

To, sai dai littafin bai daɗe a wannan wuri ba. Daga tsakiyarsa ya koma labarin gwagwarmaya da Gwamnatin Shugaba Daniel arap Moi, kuma lalle akwai abin faɗa. A shekarar 1989 ta tsaya har aka fasa gina wani bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru. Aka zage ta a Majalisa, aka kori ƙungiyarta daga ofishinta. A shekarar 1998 kuma labari ya fito cewa an yayyanka Karura an raba wa wasu mutane a asirce, har an fara sare itatuwa ana share wurin gina gidaje. Ta tara mata suka shiga suna dasa sababbi inda aka sare. Da aka tsare ƙofa, suka bi ta cikin fadama don su ba dashensu ruwa. Ran 8 ga watan Janairu 1999 suka zo bakin daji da 'yan majalisa da 'yan jarida, sai waɗansu ƙarti da aka ɗauka gadi suka far musu da kulake da bulala da adduna. Aka fasa wa Wangari kai. Da ta je ofishin 'yan sanda kai ƙara, da jinin kanta ta sa hannu a takarda. Ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga, ƙasashen waje suka yi magana, kuma a watan Agusta na wannan shekara Moi ya ba da sanarwar hana rabon filayen jama'a.

Wannan wuri na littafin yana da ƙarfi, mai karatu ba ya iya ajiye shi sai ya kai ƙarshe. Amma a nan ne kuma aibinsa na farko ya fito fili. Labarin ya zama na mace ɗaya da sarki ɗaya. Matan da suka ɗauko ruwa a ka, suka kutsa cikin laka, suka sha bulala tare da ita, mafi yawansu sun wuce a cikin littafin a dunƙule, babu suna, babu gida, babu labarin abin da suka tarar wurin mazajensu da suka koma da yamma. Za a ce ai littafin rayuwarta ne, ba nasu ba, kuma wannan uzuri ne mai kyau. Duk da haka ita ce ta koya wa duniya cewa waɗannan mata sun fi masu takarda iya riƙon itace. Da ta ba biyu ko uku daga cikinsu shafi goma, ta rage lissafin tarurruka da tafiye-tafiye da suka cika ƙarshen littafin, da hujjarta ta ƙara nauyi. Babukan ƙarshe, inda ta shiga Majalisa a 2002, ta zama mataimakiyar ministan muhalli a 2003, suna tafiya da sauri kamar rahoton shekara. Idon nan da ya ga ƙwan kwaɗi ba a cika ganinsa a can ba.

Aibi na biyu ya fi wannan girma, ko da yake rabinsa laifin lokaci ne. Mai karatu yakan rufe littafin yana zaton an gama, an kori ɓarayin fili, kurmi ya tsira. Alhali kuwa shekara goma bayan 1999 Karura wuri ne da mutanen Nairobi ke tsoro. 'Yan fashi sun mai da shi maɓoya, ana tsintar gawa a cikinsa, ana satar itace, ana zubar da shara a bakinsa. An hana masu kuɗi su cinye shi, amma babu mai kula da shi. Lokacin da take rubuta littafin haka wurin yake, ita kuwa tana cikin Gwamnati. Littafin ya wuce wannan da 'yar magana kaɗan.

Abin da ya gyara Karura ya zo ne bayan an buga littafin. Dokar gandun daji ta Kenya ta shekarar 2005 ta ba mazauna kusa da daji ikon kafa ƙungiya su haɗa hannu da hukuma wajen kula da shi. A shekarar 2009 maƙwabtan Karura suka kafa tasu, suka sa mata suna Friends of Karura Forest, watau abokan kurmin Karura. Matar jakadan Ingila na lokacin tana cikin waɗanda suka tsaya a kai, Wangari ma ta ba su goyon baya kafin rasuwarta a watan Satumba 2011. Aikinsu irin wanda Bahaushe ke kira gayya ne, sai dai gayya ce wadda ba ta watsewa da azahar. Suka roƙi kuɗi daga kamfanoni da masu hali, suka kewaye daji da shingen waya mai lantarki, tsawonsa kimanin kilomita 15. Suka share hanyoyin ƙafa da na keke fiye da kilomita 50, suka kafa alamu don kada baƙo ya ɓace. Suka ɗauki masu gadi da ma'aikata, da yawansu daga unguwar Huruma. Suka shiga cire itatuwan turare da Turawa suka dasa don itace da katako, suna mayar da itatuwan ƙasar na asali a gurbinsu, kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara. Har birai masu baƙi da fari aka kawo daga wani wuri inda dajinsu ke ƙarewa, aka sake su a ciki.

Babu wanda aka fasa wa kai a wannan aiki, saboda haka ba shi da daɗin labari. Taron kwamiti ne, da littafin lissafi, da gyaran waya inda reshe ya faɗa mata, da jayayya a kan albashin mai gadi. Amma mutumin da ke da 'yar duhuwar itatuwa a bayan unguwarsu, yana so ya kiyaye ta, wannan shi ne ilimin da ya fi bukata, don ba kowa ne zai yi karo da shugaban ƙasa ba, amma kowa zai yi karo da akuya da rani da gajiyar abokan aiki. Littafin Unbowed zai ba shi zuciya. Dabarar riƙe mutane su ci gaba da zuwa bayan ɗokin farko ya wuce, sai ya neme ta a wani wuri.

Akwai kuma wata tambaya wadda littafin ya buɗe wa ƙofa bai shiga ba. Duk hujjar Wangari a kan Karura ita ce dajin na jama'a ne. To, wace jama'a? A lokacin gwagwarmaya amsar tana da sauƙi, tun da abokin gaba sananne ne. Da aka kafa shinge sai amsar ta yi wuya. An sa kuɗin shiga, kuma shekaru da yawa sulai 100 na Kenya ne ga babba ɗan ƙasa. Ga ma'aikacin ofis mai zuwa motsa jiki ranar Asabar wannan ba kome ba ne. Ga matar Huruma wadda a dā takan shiga ta ko'ina ta ɗebo itacen girki, waya mai lantarki wani abu ne dabam, ko da ɗanta ne aka ɗauka yana gadinta. Masu ƙungiyar suna da amsa, kuma amsarsu ba ta banza ba ce: ba don kuɗin ƙofa ba da babu albashi, ba don shinge ba da 'yan fashi sun komo, kuma talakan unguwar shi ya fi kowa shan wuyarsu a dā. Wannan gaskiya ne. Amma Wangari ta fara aikinta ne saboda matan da suka yi mata kukan rashin itacen girki da ruwa, kuma ita ce ta fi kowa cancantar ta faɗi yadda za a raba amfanin ƙaramin daji tsakanin mai neman iska da mai neman makamashi. A littafin ta yi maganar itacen girki sosai game da ƙauye. Da ta zo kan dajin birni sai ta bar ta.

Game da harshe, littafin mai sauƙi ne, wanda ya yi nisa kaɗan a Turanci zai iya binsa. Ba ta ƙawata magana, kuma ba ta ɓoye abin da wata za ta ɓoye. Ta ba da labarin mutuwar aurenta a shekarar 1979, da yadda aka ɗaure ta don ta soki alƙalin da ya yanke hukuncin, da yadda ta kai 'ya'yanta wurin ubansu, da lokacin da ta rasa aiki da gida. Wannan buɗe ciki shi ya sa mai karatu ke gaskata ta a sauran wurare. Inda ta gaza shi ne wajen abokan hamayyarta, waɗanda ba ta cika tsayawa ta nuna abin da ke ransu ba. Ƙartin da suka doke ta a bakin Karura talakawa ne da aka biya, watakila ma daga irin unguwannin da take wa faɗa suka fito.

Zancen mallakar kurmin bai mutu ba har bayan rasuwarta. A shekarar 2025 saɓani ya tashi tsakanin ƙungiyar maƙwabtan da hukumar gandun daji ta Kenya a kan wanda zai riƙa karɓar kuɗin ƙofa, bayan hukuma ta ce a riƙa biya ta hanyar asusun Gwamnati. Ƙungiyar ta ce da wannan kuɗi take biyan ma'aikatanta, hukuma kuwa ta ce dajin na Gwamnati ne.