4.3 Tarken Shafin Alƙur'anin Rubutun Hannu da Kwafinsa na Maɗaba'a

Manazarta al'adun Hausawa sukan jera sana'o'in gargajiya kamar ƙira da jima da dukanci da saƙa da rini, amma ba kasafai suke sanya rubutun Alƙur'ani a cikin jerin ba. Su kuwa manazarta adabi abin da ke gabansu shi ne jigo da salo da zubi, wato abin da kalmomi suka ƙunsa, ba ruwansu da takardar da kalmomin suka zauna a kai. Ta haka ne littafin hannu ya zama maraya, kowa na girmama shi amma ba mai tarkensa. A wannan sashe za a dubi shafin Alƙur'anin da aka rubuta da hannu a ƙasar Hausa da Barno a matsayin aikin fasaha, sannan a auna abin da ya samu da abin da ya rasa bayan ya shiga maɗaba'a.

Tun da daɗewa aikin ya yi suna. Bivar (1960) ya yi bayanin wani Alƙur'ani na Barno mai ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wato 1669 Miladiyya. Haka kuma Denham, wanda ya zauna a Kukawa a 1823 da 1824, ya ba da labarin cewa ana ɗaukar Alƙur'anan da aka rubuta a Barno zuwa Arewacin Afirka da Masar, a sayar da kowane ɗaya dala 40 ko 50. Ke nan Larabawan da suke da nasu marubutan sun ga wani abu a wannan hannu da ya isa su saya.

4.3.1 Takarda

A nan akwai wani zato da ya kamata a gyara. Sau da yawa akan ɗauka cewa komai na wannan littafi ɗan gida ne. Alƙalamin na gida ne, domin daga gamba ko kara ake fiƙe shi. Tawadar ma ta gida ce, haka fatar. Takarda kuwa baƙuwa ce, a da fatake ne suke kawo ta ta hamada daga Tarabulus. Barth ya tarar da ita a kasuwar Kano a 1851, ya kuma ambaci alamarta ta wata uku. Wannan ita ce takardar da Italiyawa suke kira tre lune, kuma da yawa daga wadda aka yi rubutu a kanta a ƙarni na 19 ta fito ne daga masana'antar iyalin Galvani da ke Pordenone a arewacin Italiya.

Ita ma takardar aikin hannu ce. Tsummokin lilin ake jiƙawa a daka su har su zama kamar kunu, sai mai aikin ya tsoma wani abu mai kama da rariya ta waya ya ɗebo, ya girgiza, ruwa ya tsiyaye, abin da ya rage ya zama falle ɗaya. Daga nan a matse, a shanya, a tsoma cikin danƙon da ake samu daga dafa fata da ƙashi don kada takardar ta shanye tawada. Idan aka ɗaga irin wannan falle ga hasken rana za a ga layukan wayar da kuma siffar jinjirin wata guda uku da aka ɗinka a jikin rariyar. Amfanin wannan bayani ga mai tarke shi ne, kaurin takardar da ɗan kaushinta su ne suke riƙe bakin alƙalami, su ba harafi cikarsa. Marubucin da ya koma kan takardar inji mai santsi dole hannunsa ya sauya ko da bai so ba.

4.3.2 Launi da zayyana

Wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Baƙaƙe da baƙar tawada ake rubuta su, galibi yambari, wadda ake haɗawa da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe. Ta bambanta da tawadar allo ta zuge da ƙaro, domin waccan an yi ta ne don a wanke, wannan kuwa don ta zauna. Wasula da ja ake sanya su. Hamzar da ake furtawa ɗigo ne rawaya, alamar alifin da ake saduwa da shi kuma kore. Saboda haka marubuci yakan bi shafi ɗaya sau uku ko huɗu, kowane zagaye da nasa alƙalamin.

Masu cewa wannan launi ado ne kawai ba su lura da aikin da yake yi ba. Almajiri a tsangaya da babbaƙu yake farawa kafin ya shiga farfaru, wato yana koyon ƙashin kalma daban, wasalinta daban. Shafin ya bi wannan tsari sau da ƙafa: ido yana ganin baƙi a matsayin tushe, ja a matsayin abin da aka ɗora. Mai karatu da dare a gindin wuta, kafin ya tantance siffar alama ya riga ya gane ta daga launinta. Har ɗigon yamala na ruwayar Warshu, wanda marubuta ajamin Hausa suka ara suka mayar da shi wasalin e, a cikin wannan tsari ya sami mazauni.

Haka abin yake ga zayyana. Ƙananan da'irori uku suna raba aya da aya, akwai wata alama ta kowace aya biyar, da wata ta kowace goma. A gefen shafi kuma akwai tambarin izu da na nusufi da rubu'i da sumuni da na wurin sujada. Manyan zayyanoni masu cika shafi ko rabinsa sukan zo a farkon littafin da kuma inda kowane kashi ɗaya cikin huɗu ya fara, kamar gabanin Suratul A'araf da Suratu Maryam. Littafin ba shi da lambar shafi, don haka waɗannan su ne jagoran mai nema. A ra'ayin wannan nazari, a nan ne ake gane gwani. Izu 60 ne, kuma marubucin da ya isa yakan yi ƙoƙarin kada tambarin wani izu ya yi kama da na wani, alhali da'ira ce da layuka da launi uku ko huɗu kaɗai yake juyawa.

Ba kowane rubutun hannu ne yake da kyau ba. Akwai marubucin da yake fara shafi da yalwa ya ƙare da cunkoso, layin ƙarshe ya hau kan na samansa. Akwai wanda zayyanarsa take danne rubutun har ido ya bar aya ya koma kallon gefe, wannan kuwa aibi ne tunda karatu aka zo yi. Yambarin da ƙarfe ya yi wa yawa kuma yakan ci takarda bayan shekaru, a wayi gari harafi ya zama huda. Kasancewar alaramma ya rubuta da ka shaida ce ta haddarsa, amma kyan hannu wani ma'auni ne daban, kuma girmamawar da ake yi wa na farko takan hana a faɗi gaskiya a kan na biyu.

4.3.3 Shigar littafin maɗaba'a

Ɗab'i iri biyu ne ya shafi wannan batu. Na farko shi ne bugun dalma, inda ake jera haruffa ɗaya bayan ɗaya a juye, a ɗaure su cikin firam, a shafa tawada, a danna kan takarda. Da shi Gutenberg ya buga Baibul a Mainz ta ƙasar Jamus wajen 1455, kuma abin lura shi ne ya bar gurabe don a cike jan rubutu da ado da hannu, domin masu saye littafin hannu suka saba gani. Wannan hanya ta dace da boko, wanda haruffansa a rarrabe suke. Da ita jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fita a 1939, da ita kuma Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 ya yi aiki a shekarunsa na farko. Sai dai harafin dalma ba ya miƙewa, ba ya lanƙwasa don ya cike layi, kuma haruffan Larabcin da ake samu na salon Gabas ne. A salon Gabas fa tana da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf yana da biyu. A namu salon ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Ke nan yaron tsangaya zai ga fa ta Gabas ya karanta ƙaf. Ga kuma bambancin ruwaya, domin shahararren bugun Masar na 1924 a kan Hafsu yake.

Wannan ne ya sa tun wajajen shekarun 1950 da 1960 'yan kasuwar littattafai a Kano suka rungumi hanya ta biyu, wato a sa gwani ya rubuta da hannu, a ɗauki hoton shafin a kan faranti, a buga dubbai. Ko Alƙur'anin da maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina take bugawa tun bayan buɗe ta a 1984, asalinsa rubutun hannun Usman Ɗaha ne. Ribar wannan hanya a fili take: littafin da a da yake cin watanni kuma sai mai hali, ya zo hannun talaka da rubutun da ya sani.

Hasarar kuma a wajen launi ta fi yawa. Kowane launi yana bukatar nasa farantin da nasa bugun, kuɗi kuma yana ƙaruwa. A bugu mai araha sai a mayar da komai baƙi, hamza da ɗigon harafi su zama abu guda a ido. Inda aka yi launi ma, idan faranti ya ɗan goce sai jan wasali ya sauka gefen baƙin da ba nasa ba. Haka kuma marubucin da ya san injin zai ɗauki hoton aikinsa yakan ƙara wa harafi kauri ya rage ƙananan layukan zayyana, wato injin ya soma yi wa hannu umarni.

Wani abu da ya tsira shi ne kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon falle na gaba. Asalinta, littafin hannu ba a ɗinke shi, falle-falle yake cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata a saka a gafaka, don almajirai da yawa su iya raba shi a lokaci guda, kalmar kuma ta taimaka a mayar da kowane falle wurinsa. A kwafin da aka buga aka ɗinke, kalmar tana nan a ƙasan shafi ko da yake aikinta ya ƙare. Su tadarishi da gafaka aikin dukawa ne, kuma su za a duba a 4.4.