Gwanayen bayan fage a shafukan intanet

Ɗauki wayarka ka buɗe burauza, ka rubuta ha.wikipedia.org/wiki/Kano. Bayanin Kano zai fito. To, sake rubuta wannan: ha.wikipedia.org/w/index.php?title=Kano. Abin da ka gani ɗazu shi zai sake fitowa, ba ƙari ba ragi. Adireshi biyu, shafi ɗaya. Na farkon shi ake nuna wa jama'a, don ya fi daɗin karantawa da sauƙin tura wa aboki. Na biyun kuwa shi ya fi kusa da gaskiyar abin da ke gudana a ciki. A kwamfutocin Wikipedia babu wani fayil mai suna Kano da ke kwance cikin wata folda mai suna wiki. Abin da ke akwai manhaja ce, sunanta MediaWiki, wadda aka rubuta da harshen PHP, sai kuma rumbun bayanai. Idan buƙatarka ta iso, sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta karɓi gajeren adireshin, ta juya shi ya koma dogon, manhajar ta nemo rubutun daga rumbu, ta haɗa shafi ta miƙo maka. In an riga an haɗa wa wani irinsa ɗazu, sai a ba ka wanda aka ajiye.

Akwai mutanen da sana'arsu ke nan: juya adireshi, da rubuta umarnin da ke aiki a can cikin sabar inda idon mai ziyara ba ya kaiwa. Mai zana fuskar shafi kowa na ganin aikinsa, a yaba masa launi da tsari. Su kuwa waɗannan ba a tunawa da su sai ranar da shafi ya ƙi buɗewa.

Aikin ya yi kama da na yaron da ke zaune a zaure. Baƙo ya yi sallama ya ce maigida yake son gani, ba ruwansa da sanin fasalin gidan. Yaron ne ya san inda maigida yake, shi zai shiga ya kirawo shi. Ko an rushe ɗakunan ciki an sake gini, baƙo dai ƙofar nan ɗaya zai zo, kuma sallamarsa ba ta sauya ba.

Da farko ba haka abin yake ba. Lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya shafin farko daga cibiyar bincike ta CERN da ke Turai a 1991, adireshi hanya ce kawai zuwa wani fayil da ke ajiye. Ba a jima ba mutane suka fara son shafin da zai amsa wa kowa gwargwadon tambayarsa. A 1993 aka fito da tsarin CGI, wanda ya bai wa sabar damar kiran wata ƙaramar manhaja ta haɗa amsa nan take. A 1995 Rasmus Lerdorf, haifaffen tsibirin Girinlan, ya saki wasu 'yan kayan aiki da ya ƙirƙira don ya riƙa sanin masu leƙa takardar tarihin aikinsa da ya ɗora a intanet. Su ne suka girma suka zama PHP. Sai dai wannan ci gaba ya zo da adireshi masu muni, cike da alamar tambaya da lambobi, waɗanda ba mai iya riƙe su a ka. A 1996 wani Bajamushe, Ralf Engelschall, ya rubuta mod_rewrite, wani sashe da ake liƙa wa sabar Apache don juya adireshi, kuma a shekarar da ta biyo ya ba da shi kyauta ga masu kula da Apache. Har gobe da shi ake aiki.

Ga misalin layi ɗaya daga irin abin da masu wannan sana'a suke rubutawa, galibi cikin wani ɓoyayyen fayil mai suna .htaccess:

RewriteRule ^labari/([0-9]+)$ labari.php?lamba=$1

Wanda bai saba ba zai ɗauka yaro ne ya yi wasa da madannai. Amma kowace alama da aikinta. Alamar ^ tana cewa daga farkon adireshi za a fara dubawa, $ ta ce a nan ya ƙare. Abin da ke tsakanin baka biyu yana nufin lamba, ko guda ɗaya ko jere, kuma a riƙe ta. Daga ƙarshe $1 ya sauke lambar da aka riƙe a sabon wuri. Saboda haka wanda ya nemi labari/250, a ciki za a miƙa buƙatarsa ga labari.php tare da lamba 250, shi kuwa bai ga komai ya sauya a wayarsa ba. Da layin nan ɗaya an biya buƙatar labarai dubu ɗari, har da waɗanda ba a rubuta ba tukuna. Wannan hanyar siffanta rubutu da alamomi, wadda masu aikin ke kira regex, asalinta daga lissafin Stephen Kleene ne a shekarun 1950, tun kafin a yi mafarkin intanet.

Manhajar WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kuma ƙididdigar W3Techs ke nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke, ta taƙaita dabarar ƙwarai. Ƙa'idarta ita ce: in abin da aka nema ba fayil ba ne da ke nan, ba kuma folda ba ce, a miƙa shi ga index.php ya san yadda zai yi. Idan 'yan layukan nan suka ɓace, shafin farko zai buɗe lafiya lau amma kowane labari ya riƙa ba da kuskuren 404, wato ba a same shi ba. Mai shafin ya ɗora hannu a ka yana zaton shekarun rubutunsa sun salwanta. Wanda ya san aikin kuwa, da jin bayanin ya san inda ciwon yake, kuma cikin 'yan mintoci zai mayar da komai.

Inda ake rarrabe gwani da ɗan koyo shi ne wajen tura mai ziyara wani adireshin. Wannan daban yake da juyawar cikin gida. A nan sabar ce ke gaya wa burauza a fili cewa abin da take nema ya koma wuri kaza, ta je can. Lambobi biyu aka fi amfani da su: 301 na nufin an tashi ke nan har abada, 302 na nufin na ɗan lokaci ne. Bambancin kamar ba komai ba, amma burauza tana haddace 301. Idan ka yi kuskure ka tura mutane wurin da ba shi ba, ko ka gyara a sabar, wayoyin da suka riga suka ji umarnin farko za su ci gaba da tafiya can ba tare da sun sake tambaya ba. Shi ya sa wanda ya ga jiya ya ga yau yake gwaji da 302, sai ya tabbatar komai ya zauna sannan ya mayar 301.

Sai kuma zagayen da ba ya ƙarewa. Tun da burauzar Chrome ta fara yi wa duk shafukan da ba su da https tambarin rashin tsaro a 2018, kowa ya koma tura masu ziyara daga http zuwa https. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Amma shafuka da yawa akwai wani kamfani a tsakaninsu da jama'a, mai tace cunkoso da hanzarta shafi, kuma wani lokaci shi yana magana da mai ziyara ta https, sannan ya juya ya yi magana da sabar ta http. Sabar ta ga http, ta ce a koma https. Mai ziyara ya dawo ta https ɗin, na tsakiya ya sake isar da shi ta http, sabar ta sake kora. Haka za a yi ta yi har Chrome ta gaji bayan zagaye 20 ta ce turawar ta yi yawa. Duk ƙa'idodin nan daidai suke in ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, haɗuwarsu ce ta kawo rikici. Maganin shi ne a koya wa sabar duba ɗan bayanin da na tsakiya ke liƙawa a kan buƙata, mai faɗin ta wace hanya mai ziyara ya shigo tun asali. Ba mai gano wannan sai wanda ke iya zana tafiyar buƙata a zuciyarsa tun daga waya har zuwa rumbu, zango bayan zango.

A ganina, mafi darajar abin da mutanen nan ke yi shi ne riƙon alkawari. A 1998 Berners-Lee ya rubuta wata gajeriyar maƙala yana jan hankali cewa adireshi mai kyau shi ne wanda ba ya sauyawa. Ka duba jaridar da ta yi shekara goma tana buga labarai, sannan ta sake manhaja. Adireshin tsofaffin labaranta yana cikin kundin digirin ɗalibai, yana cikin saƙonnin WhatsApp, yana cikin sakamakon binciken Google. Mai gaggawa zai ɗora sabon shafi mai ƙyalli ya karɓi kuɗinsa ya wuce, duk waɗancan su mutu a dare ɗaya. Mai sanin ya kamata zai zauna ya jera tsofaffin adireshi, ya nemo wa kowanne sabon mazauninsa, ya rubuta ƙa'idar da za ta sada su. Aiki ne mai cin rai, kuma in ya yi kyau babu wanda zai san an yi shi.

Mu masu rubutu da Hausa muna da namu rabon a wannan fage, saboda haruffanmu masu lanƙwasa. An gina adireshin intanet ne da haruffan Ingilishi, don haka ƙ ba ta wucewa yadda take. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ana ajiye ƙ da ƙwayoyin bayani biyu, kuma a cikin adireshi sai ta koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97, ɓ ta koma %C9%93. Wanda ya rubuta ƙa'idarsa ta karɓi haruffa daga a zuwa z kawai, kamar yadda akasarin misalan koyarwa ke nunawa, zai tarar duk labarin da adireshinsa ke ɗauke da ƙasa ko ɗalibi ya ƙi buɗewa. In kuma ya ce bari ya huta ya cire lanƙwasar daga adireshi, sai ƙafa da kafa su zama abu ɗaya, dole ya tanadi yadda zai raba su idan kanun labarai biyu suka yi karo. Kuma duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da Æ™ a inda ƙ ya kamata ta zauna, ko É— a madadin ɗ. Ba aljanu ba ne. Ƙwayoyin nan biyu ne aka karanta da wani tsohon tsarin Yammacin Turai, kowace ta zama harafi mai zaman kanta. Wannan yana gyaruwa, domin bayanin yana nan. Wanda ba ya gyaruwa shi ne in rumbun ya mayar da harafin alamar tambaya tun wajen ajiya, a nan kam an yi asara. Gwani yakan tabbatar shafi da manhaja da rumbu, har da igiyar da ke haɗa manhaja da rumbun, duk harshe ɗaya suke ji kafin a zuba rubutu ko layi ɗaya.

Akwai wata ɗabi'a da aikin ke koya wa mai shi: kada ka yarda da duk abin da ya shigo daga waje. Lambar nan 250 da ta biyo adireshi, ba abin da zai hana mugu ya goge ta ya rubuta umarnin rumbun bayanai a wurinta. In manhajar ta ɗauka ta liƙa cikin tambayar da take yi wa rumbu ba tare da tacewa ba, rumbun zai bi umarnin ɓarawo. Ta irin wannan ƙofa aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a 2015, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, hukuma kuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Rigakafin sananne ne tun da daɗewa: a tura wa rumbu tambaya daban, a tura abin da baƙo ya rubuta daban, ta yadda ba zai taɓa zama umarni ba. Haka nan kalmar sirri, ba a ajiye ta yadda aka rubuta, sai an markaɗe ta ta hanyar da ba a iya dawo da ita. Tun 2013 PHP ke zuwa da kayan yin wannan a shirye, don haka mai ajiye kalmomin sirrin jama'a a fili yau ba shi da hanzari.

Ranar da abu ya lalace kuwa, shafi ya yi fari fat ko ya nuna kuskuren 500, nan ake ganin hali. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: wani zai yi ta kwaso layuka daga ko'ina yana zubawa ko Allah zai sa a dace, har fayil ɗin ya cika da ƙa'idodin da ke faɗa da juna. Gwani kundin kurakurai yake fara buɗewa, inda sabar ke rubuta abin da ya same ta, da lokaci da sunan fayil, sau da yawa har da lambar layi. Yakan sauya abu ɗaya, ya gwada, sannan ya taɓa na biyu. Wani lokaci laifin duka bai wuce gurbi ɗaya da aka bari a saman fayil kafin alamar buɗe PHP ba. Gurbin ya riga ya fita zuwa burauza a matsayin farkon shafi, saboda haka manhajar ba ta da sauran damar cewa a tura mutum wani wuri. Ido ba ya ganinsa, amma ya isa ya hana dubban mutane shiga asusunsu.

Abin da ya fi burge ni ga waɗanda suka ƙware shi ne ba sa ɗokin nuna ƙwarewar. Littafin jagoran Apache da kansa ya ware shafi guda kan lokutan da bai kamata a yi amfani da mod_rewrite ba, domin sau da yawa umarnin turawa mai sauƙi ya wadatar. Ya kuma ba da shawarar a guji .htaccess in ana da ikon taɓa babban fayil ɗin saiti, tun da sabar na sake karanta shi a kan kowace buƙata. Sabar Nginx, wadda Igor Sysoev na Rasha ya saki a 2004, ba ta ma san da irin wannan fayil ba. Mai hankali yakan rubuta ƙa'ida uku inda wani zai rubuta talatin, ya kuma bar ɗan bayani a gefen kowace saboda wanda zai gaje shi.

Idan za ka ba wani kwangilar sabunta shafin makarantarku ko jaridarku ko kasuwancinka, kada ka tsaya a kallon launi. Tambaye shi me zai faru da tsofaffin adireshi, ka saurari amsar da kyau. Sannan kafin ka biya cikon kuɗi, ka sa a buga labari mai ƙ da ɗ da ɓ a kanunsa, ka buɗe shi a wayarka ka gani da idonka.